Ƙirar Injin Niƙa Kayan Yaji da Daidaita Laushin Gari

Harshen Hausa ya tanadi kalmomi da dama don bambanta yadda ake farfasa abu. Akwai ɓarza, watau a fasa ƙwaya ta zama tsaki. Akwai jajjage, wanda ake yi wa tattasai da attaruhu sama-sama. Akwai daka da niƙa. Idan kuwa abu ya kai matuƙar laushi, sai a ce ya yi lilis. Yawan waɗannan kalmomi na nuna cewa tun fil azal Bahaushe bai ɗauki laushin gari a matsayin abu guda ba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda masu ƙera inji ke samar da wannan bambanci, musamman wajen niƙa kayan yaji irin su barkono da citta da masoro da kanumfari da kimba.

A gargajiyance, laushin yaji yana hannun mai daka ne. Takan daka, ta tankaɗe da rariya, ta mayar da tsakin cikin turmi, har ta sami abin da take so. Yajin jego da wanda ake barbaɗa wa tsire suna bukatar laushi, amma cittar da za a jefa cikin shayi dandaƙawa kawai take so. Aikin mai ƙira shi ne ya sa inji ɗaya ya biya waɗannan bukatu duka.

Injunan da ake amfani da su iri uku ne. Na farko shi ne mai wuƙa da ke juyawa cikin kofi. Wannan ba shi da wani ma'auni sai tsawon lokacin da aka bar shi yana aiki, don haka garinsa kan fito gauraye, wani ya yi lilis, wani yana tsaki. Na biyu shi ne mai guduma, wanda ke bugun ƙwaya har ta iya ratsa rariyar ƙarfe da ke ƙarƙashinsa. Mai son canja laushi dole ya tsayar da inji ya sauya rariya. Na uku, wanda ya fi cancantar nazari, shi ne mai faifan ƙarfe biyu masu haƙora, ɗaya a kafe, ɗaya yana juyawa. Irinsa ne aka saba gani a unguwanni da kasuwannin ƙasar Hausa, kuma asalin hikimarsa ita ce ta dutsen niƙa da ɗan dutse.

A wannan iri na uku, tazarar da ke tsakanin faifan biyu ita ce ke yanke hukunci, domin ƙwaya ba za ta fita ba sai ta ƙanƙance daidai wannan tazara. Saboda haka ake sanya noti mai zare wanda ke tura faifai ɗaya kusa da ɗan'uwansa. Alal misali, idan zaren notin yana gusawa milimita ɗaya a kowane cikakken zagaye, to, murɗa shi rubu'in zagaye zai rage tazarar da rubu'in milimita. Ke nan zare mai sirantaka ya fi ba mai aiki ikon daidaitawa. Ana kuma bukatar abin kulle notin, in ba haka ba girgizar inji za ta kwance shi, garin da aka fara da laushi ya ƙare da tsaki. Bugu da ƙari, akan sa sifirin a bayan faifai don ya ɗan ja da baya idan tsakuwa ta faɗa, maimakon haƙora su karye.

Wannan dabara ce ke cikin ƙaramin maniƙin masoro na hannu da Turawa ke ajiyewa a kan teburin cin abinci. Kamfanin Peugeot na Faransa, wanda aka fara harhaɗa motocinsa a Kaduna a 1975, ya ƙera maniƙin kofi tun 1840, sannan na masoro a 1874, tun kafin ya ƙera mota. Haƙoran maniƙin nan hawa biyu ne: manya su fasa ƙwaya su jawo ta ƙasa, ƙanana su niƙe ta. Raba aikin gida biyu haka, watau ɓarza kafin niƙa, shi ne ke sa gari ya fito bai ɗaya.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa gwanintar inji ita ce yawan laushi, kamar yadda wasu masu inji ke ɗaure noti tamau don su burge mai kawo niƙa. Ƙamshin yaji yana cikin wani mai ne da ke tashi idan ya ji zafi, kuma gwargwadon matsewar faifai, gwargwadon zafin da gogayya ke haifarwa. Ƙamshin da ke cika rumfar mai inji asara ce ga tukunyar miya. Kanumfari, wanda mansa kan kai kashi 15 cikin ɗari ko fiye, yakan ma danƙare ya toshe haƙoran. Wannan ne ya sa wasu manyan masana'antu ke sanyaya kayan yaji da ruwan iskar naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, kafin su niƙa.

Illa ta biyu ta fi muni. Idan faifan suka haɗu har suna gogar juna, ƙarfen kan zaizaye, ɓurɓushinsa ya shiga cikin abin da mutane za su ci. Mai ƙira na gari yakan sa wa notin iyakar da ba zai wuce ba, ya zaɓi ƙarfe mai tauri, ya kuma ɗora maganaɗisu a bakin mafitar gari. Idan kuwa za a haɗa yajin da gishiri, haƙoran tangaran sun fi dacewa, tun da gishiri na sa ƙarfe tsatsa.

Inda ake bukatar laushi ƙwarai, hanyar da ta fi ita ce a niƙa sau biyu da matsakaiciyar tazara, a bar garin ya huce a tsakani, a tankaɗe, sannan a mayar da tsakin kaɗai cikin inji.