Masanin Da Ba Ya Riƙe Allura: Gurbin Da Ke Jiran Matasan Likitocinmu

Duk wanda ya leƙa Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da ke Nassarawa GRA a Kano cikin watan Agusta ya san yadda damina ke zuwa da albarka, ta kuma zo da zazzaɓin cizon sauro. Likitan da ke duba yaran kowa na ganin ƙoƙarinsa. Amma akwai wani ma'aikaci da ba a gani, wanda aikinsa shi ne tattara dukkan binciken da aka yi kan wani magani, ya tace tsaki daga tsakuwa, sannan ya faɗa wa hukuma ko maganin na aiki, da kuma ko ya cancanci kuɗin da za a kashe a kansa.

Fannin ba sabo ba ne. Tun 1972 likitan Birtaniya Archie Cochrane ya koka kan yadda ake ba da magunguna ba tare da tabbatacciyar hujja ba. A 1993 aka kafa ƙungiyar Cochrane da sunansa, a 1999 kuma Ingila ta kafa hukumar NICE domin auna amfanin magani da tsadarsa.

Mu ma mun ci moriyarsa. A 2012 Farfesa Martin Meremikwu na Jami'ar Kalaba da abokan aikinsa suka haɗa sakamakon gwaje-gwajen da aka yi a Afirka ta Yamma, suka nuna cewa bai wa ƙananan yara maganin rigakafi wata-wata a damina na hana kusan kashi uku cikin huɗu na zazzaɓin. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin, a 2013 aka fara gwada shi a Katsina. Yau gida-gida ake bi da maganin a Arewa.

To, ina namu masanan? Dokar Lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya ga kiwon lafiya a matakin farko, dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya. Kuɗin kaɗan ne, buƙatu kuwa jibgi. Idan babu masanin da zai auna, dillalin na'ura mai daɗin baki ne zai yanke mana hukunci, a sayi injin miliyoyi alhali asibitin ƙauye ba shi da maganin tsayar da jinin haihuwa.

Hanyar a buɗe take ga likita, da mai haɗa magunguna, da ɗan lissafi, da masanin tattalin arziki. Jarinta kwamfuta ne da intanet da haƙurin karatu. Ya kamata Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano su ɗaukaka wannan fanni wajen ƙarin girma, gwamnatoci kuma su riƙa neman hujja kafin su sa hannu a kwangila. Allah Ya sa mu gane.