Sassaƙar Baka a Tsaunukan Jos: Ilimin da Ke Hannun Dattawa

A garin Jos, wuri biyu ne aka fi ganin kwari da baka a yau: cikin gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952, da kuma filin bukukuwan al'ada irin su Nzem Berom, inda maharba ke fitowa rataye da su. Sai dai gidan tarihi kayan yake adanawa, biki kuwa kwana kaɗan ne a shekara. Ilimin zaɓen itace da tanƙwara shi yana hannun dattawan ƙauyukan da ke kewaye da birnin, kuma duk wanda ya rasu bai koyar ba, da saninsa ake binne shi.

Baka ba ƙaramin makami ba ne a tarihin Arewa. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, 'yan baka ne ƙashin bayan rundunar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ta karya dawakin Gobir. Su ma al'ummomin tsaunukan Filato, da masu da kibau da sanin lungunan duwatsu suka tare hare-haren da ke zuwa daga Bauchi da Zazzau, har akasarinsu suka ci gaba da mulkin kansu zuwa shigowar Turawa. Sarautar Sarkin Baka da ke nan har gobe shaida ce ta wannan matsayi.

Aikin yana farawa ne daga daji. Da rani ake saran itacen baka, lokacin da ruwan jikinsa ya ragu. Ana neman reshe miƙaƙƙe marar gaɓa, daga itatuwa masu tauri da ke lanƙwasa ba su karye ba, kamar dargaza da ɗunɗu, ko kuma gora mai kauri. A ɓare ɓawon, a ajiye shi a inuwa ya sha iska a hankali, domin wanda aka shanya a rana tsagewa yake yi. Mai gaggawa ba ya wannan sana'a.

In ya bushe sai a shiga sassaƙa da gizago da wuƙa, a bar tsakiya da kauri wajen riƙo, a riƙa sirantawa zuwa bakuna biyu. Nan gwaninta take: dole ɓangarorin biyu su lanƙwasa daidai wa daida. Idan ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, kibiya za ta kauce, bakan kuma ba zai yi ƙarko ba. Babu ma'auni sai ido da tafin hannu. Daga nan a gasa shi a kan garwashi, a tanƙwara a gwiwa, a shafe shi da man kaɗe don kada ya bushe ya tsage. Tsirkiya kuwa daga fata ake yanko ta, a jiƙa, a murɗa, a ɗaure mata dutse ta miƙe.

Baka ɗaya yakan haɗa masu sana'a da dama. Maƙeri ne ke ƙera kan kibiya da kunnuwanta, a dasa shi a jikin kyauro, a naɗe da jijiya. Kibiyar ƙasar nan ba a sa mata gashin tsuntsu irin ta Turai, shi ya sa maharbi ke laɓaɓawa har ya kusanci dabba. Baduku ne ke rufe kwari da fata, kuma Naraguta da ke gefen Jos ta yi suna a dukanci. Ƙarfin kibiyar ya dogara ne da dafi, wanda ake haɗawa da 'ya'yan ƙwanƙwani. Daga dangin wannan tsiro ne Thomas Fraser na Jami'ar Edinbara ya fitar da maganin ciwon zuciya a ƙarni na 19, bayan an ga yadda maharban yankin kogin Zambezi ke amfani da shi.

Abubuwa uku ne suka taru suka raunana sana'ar. Na farko, bindigar toka ta karɓe farauta, naman dajin ma ya yi ƙaranci. Na biyu, haƙar kuza da ta kankama tun farkon ƙarni na 20 da saran itacen girki sun cinye dazuzzukan da ke kewaye da Jos, yawancin abin da aka dasa a madadinsu kuwa bishiyar turare ce. Na uku, rikice-rikicen da suka addabi yankin tun 2001 sun sa ana yi wa mai ɗauke da baka kallon zargi, matashi kuma ba ya sha'awar koyon abin da zai ja masa tambayoyi a shingen jami'an tsaro.

Wasu ƙasashen sun mayar da nasu abin alfahari. A Butan harbin kibiya ne wasan ƙasa. Turkiyya ta sa UNESCO ta shigar da harbinta na gargajiya cikin jerin al'adun duniya a 2019, ba tare da barin masu sassaƙa bakan a baya ba. Nijeriya ta san wannan hanya, domin ta nan bikin kamun kifi na Argungu ya shiga a 2016, hawan sallar Kano kuma a 2024.

Matakin farko bai kai wannan tsada ba. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa tana da ma'aikata a Jos, Jami'ar Jos kuma tana da masana tsirrai da harsuna. Abin da ake bukata shi ne a zauna da dattawan Berom da Afizere da Anaguta da Irigwe da maharban Hausawa, a ɗauki aikinsu a bidiyo tun daga sara har ɗaura tsirkiya, a rubuta sunayen itatuwan a kowane harshe, a dasa su a gandu. A kuma ware gasar harbi a bikin al'adu na ƙasa, NAFEST, da sharaɗin amfani da bakan gida, don masassaƙi ya samu mai saye.

Jami'in da ke tsara kasafin al'adu a Abuja zai iya ɗage gyaran gini zuwa baɗi, ginin ya jira shi. Dattijon da ya san reshen da zai yi baka ba lallai ne ya jira ba.