Kafin Ka Ɗora Dalma a Kan Batir

Yawancin tociloli, fitilu masu caji da injinan aski da ake jefarwa bola lafiyarsu ƙalau, batirin ciki ne kawai ya gaji. A teburina na gyara, ƙorafin da na fi ji shi ne: "Malam, ta daina riƙe caji." Sauya batir aiki ne da mai natsuwa zai iya yi a gida, amma yana da sharuɗɗan da in an tsallake su, gyara kan koma gobara.

Fara da karanta rubutun jikin tsohon batirin. Iri uku aka fi samu. Akwai ƙanana masu alamar NiMH, kowanne bolt 1.2. Akwai ɗan akwatin nan mai nauyi na cikin tociloli masu araha, mai bolt 4, wanda da dalma da asid aka yi shi. Sai batirin litiyom, musamman 18650, mai kauri milimita 18 da tsawo milimita 65, wanda ƙarfinsa bolt 3.7 ne, in ya cika ya kai 4.2. Irin wanda ka cire shi za ka mayar. Tocila mai ɗan akwati galibi ba ta da abin da ke yanke caji in batir ya cika. Ka sa mata litiyom kai tsaye, za ta yi ta ɗura masa wuta har ya kumbura ko ya kama da wuta. Mai son yin wannan canji sai ya cire tsohuwar hanyar caji, ya sa ɗan allon caji irin TP4056 mai kariya, ya riƙa caji da wayar USB.

Wajen saye ma a lura. Batirin 18650 na ƙwarai ba ya wuce kusan 3,500mAh. Wanda aka rubuta wa 9,900mAh kuma yana da sauƙi a hannu, ƙarya ce. Araha ba ta ado.

Babban haɗarin aikin shi ne zafi. Dalmar liƙi tana narkewa a wajen digiri 190, bakin ƙarfen liƙi kuwa yakan kai 350. A cikin batirin litiyom akwai siririyar leda da ke raba ɓangarorinsa biyu, wadda takan fara narkewa a kusan digiri 130. Shi ya sa masana'antu ba sa liƙa waya a jikin batir da dalma; walda suke yi ta ƙiftawar ido, su manna masa ɗan falle na ƙarfen nikel. Don haka nake ce wa yarana a shago su nemi batir mai kunne, wato wanda ya zo da wannan fallen, su yi liƙi a ƙarshen kunnen, nesa da jikin batir.

Ga yadda nake yi. In zare na'urar daga soket, in ɗauki hoton wayoyin da wayar hannu. Ja yakan tafi kan alamar +, baƙi kan alamar -, amma nakan tabbatar da mita. In yanke wayoyin ɗaya bayan ɗaya, domin filaya in ta haɗa biyun za ta yi tartsatsi. In shafa dalma a bakin waya daban, a kunnen batir daban, sannan in haɗa su da taɓawar daƙiƙa biyu ko uku. In bai kama ba, in bari ya huce kafin in sake. Daga nan in naɗe wurin da baƙin salatif. Cajin farko kuma a kan siminti nake yinsa, ina kusa, ina taɓawa ko ya yi zafi.

Yi aikin inda iska ke shiga, ka wanke hannu kafin cin abinci, kada kuma yara su yi wasa da guntayen dalma, guba ce.

Tsohon batir kada ya tafi bola, domin a unguwanninmu ƙona shara ake yi, shi kuma fashewa yake a wuta. Rufe bakunansa da salatif, ka kai wa mai gyara. In ya kumbura ko yana yoyo, ajiye shi cikin gwangwani mai yashi a waje, kada ka huda shi, kada kuma ka sake gwada masa caji.