Fitilar Da Ake Shafawa Kamar Fenti

Duk wanda ya zauna Maiduguri cikin 2021 ya san darajar fitila. A watan Janairu na shekaran nan aka fasa turakun da ke kawo wuta daga Damaturu, gari ya yi wata da watanni cikin duhu. Ɗalibi ba shi da abin karatun dare sai 'yar fitilar nan ta LED mai cin batir. To, 'yan'uwa, ga abin tambaya: cikin wutar da batir ya bayar, nawa ke zama haske, nawa ke tafiya a banza?

Ƙwan lantarki irin na da ko kashi 10 cikin ɗari ba ya mayarwa haske, saura duk zafi ne. LED ta fi shi nesa, amma ƙera ta sai babbar masana'anta. Shi ya sa masana suke gwada wani abu wai shi perobskait. Sunan na wani dutse ne da aka samu a ƙasar Rasha cikin 1839, amma wanda ake aiki da shi haɗa shi ake yi, da dalma da aidin ko buromin. A narkar da shi, a shafa bisa gilashi, ya bushe. In aka ba shi wuta sai ya yi haske.

Sa'ad da aka gwada a Jami'ar Kambirij ta Ingila cikin 2014, abin ba yabo. Cikin ƙwayoyin lantarki ɗari da suka shiga, da ƙyar guda ke fitowa haske. Dalili kuwa, in shafen ya bushe yakan bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani, kamar daɓen da bai sha bugu ba. Ƙwayar lantarki in ta faɗa ciki, ƙarfinta sai ya zama zafi. Har wa yau, hasken da aka samu ma yawancinsa yakan maƙale cikin gilashin. Sai masana suka riƙa zuba wasu magunguna masu toshe ramukan, suka kuma sa shafen ya bushe ƙwaya-ƙwaya don haske ya sami ƙofa. Kafin 2018 ta ƙare, an wuce 20 cikin ɗari.

Amma kada a yi ta nemanta a Kasuwar Monday tukuna. Ba ta daɗewa kamar LED da muka sani, gama danshi da zafi suna lalata ta, ga shi kuwa a nan zafin Afrilu yakan haura 40. Sa'an nan ga dalma, wadda gubarta ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara cikin 2010. A ganina wannan ya fi sauran nauyi, gama a garuruwanmu matacciyar fitila a juji take ƙarewa, inda yara ke wasa.