Ginin Ƙasa Da Jama'a Yake Rayuwa

Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano, ya haura shekara 500 a tsaye. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa shi. Bisa al'ada, a filin Ƙofar Kudu ake cincirindo ranar Hawan Daushe, idan Sarki ya dawo daga Babban Ɗaki, gidan uwar Sarki, hakimai su yi ta kai jahi ana busa kakaki da algaita. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Amma wa zai iya raba wannan hawa da katangar da ake yin sa a gabanta? A ɗauke shi a kai filin ƙwallo, dawakan ne dai, mahayan ne dai, kwarjinin kuwa ya tafi.

Daura da fadar akwai Gidan Makama, inda ake cewa Rumfa ya zauna kafin ya hau gadon sarauta. Turawa sun yi ofis a cikinsa bayan sun ci Kano a 1903, daga baya ya zama gidan adana kayan tarihi, ɗalibai na zuwa ayari-ayari. A Nassarawa kuma ga Gidan Ɗan Hausa, mazaunin Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Yanzu yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, kuma harabarsa ta saba da makaɗa da 'yan rawa da masu baje kolin sana'o'in hannu.

Akwai masu ganin cewa tara jama'a a irin waɗannan wurare cin mutuncin tarihi ne, gara a garƙame ƙofa a bar mai gadi. Ban yarda da su ba, kuma hujjata tana jikin ginin kansa. Soron da aka tayar da tubali, aka rufa da azara, aka shafe da makuba, ba ya son a juya masa baya. Kafin kowace damina sai an duba indararo, an toshe tsaga, an sabunta yaɓe. Idan indararo guda ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, ya jiƙa azara, gara ta samu hanya, kafin a ankara ɗaurin guga ya rufta. Wa zai ga ɗigon farko a ɗakin da ba a buɗewa? Gidan da ake sa ran baƙi kuwa, dole a share shi, dole a kira magini. Ta haka ne ma sana'ar magina ke samun magada, domin yaro ba ya koyon ɗora zanko sai a inda ake ɗora shi.

Mai shakka ya dubi badala, wato ganuwar birnin Kano. Tun zamanin Sarki Gijimasu aka soma gina ta, amma da ta rasa mai amfani da ita, sai ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu yanka filaye suka cinye mafi yawanta.

Sai dai taro ma yana da nasa ta'adin, kuma wannan ne ke damuna. Ƙusar da aka buga a bango don rataya ƙyalle tana ɓarke yaɓe. Ruwan wanke-wanken da ake kwararawa a gindin katanga yana cin tushe a hankali. Mafi muni shi ne gyaran ganin ido: a lafta siminti a kan ginin ƙasa don ya yi kyau ranar biki. Siminti yana kulle laima a ciki, bango ya riƙa ruɓewa ta inda ido ba ya gani, wata rana ya zube gaba ɗaya.

Don haka ina kira ga hukumomin da ke riƙe da waɗannan gidaje su buɗe su ga marubuta da masu wasan kwaikwayo da 'yan tashe da makarantu, amma da sharaɗi a rubuce: a ƙayyade yawan mutanen da zaure zai ɗauka, a nisanta janareta da manyan lasifika daga bango, kada a taɓa gini sai da sanin Sarkin Magina. Kuɗin hayar da aka karɓa kuma a ware wani kaso nasa musamman don yaɓe, a kuma yi aikin kafin ruwan farko ya sauka.