Yadda Ake Farfaɗo da Kwamfuta Mai Ubuntu Bayan Ɗauke Wuta

Ubuntu na ɗaya daga cikin manhajojin Linux masu tafiyar da kwamfuta, waɗanda ake samu kyauta. Kamfanin Canonical ne ya fara fitar da ita a shekarar 2004.

Idan aka ɗauke wuta yayin da kwamfuta ke adana aiki, tsarin fayilolinta kan samu tangarɗa. Galibi manhajar kan gyara kanta idan an sake kunnawa. Amma wani lokaci takan tsaya a baƙin allo, ta nuna kalmar initramfs tare da sunan sashen ma'ajiyar da ya samu matsala, misali /dev/sda2.

A nan ne akan yi kuskuren goge komai domin sake sanya manhajar, takardun ofis da na jama'a su salwanta. Maimakon haka, sai a rubuta fsck -y, a bar tazara, a ƙara sunan da allon ya nuna, sannan a danna Enter. Idan gyaran ya kammala, a rubuta exit.

Yawan aukuwar wannan matsala na iya zama alamar ma'ajiyar ta fara gazawa. Don haka ana shawartar jami'an ƙananan hukumomi da su riƙa kwafe muhimman takardu a wata ma'ajiya dabam, su kuma tanadi na'urar UPS.