Gudu ko fasin: abin da masoya Niger Tornadoes ke musu a kai

A Kontagora, in aka tashi daga gidan kallo aka koma teburin mai shayi, ba a rasa mai tayar da zancen Niger Tornadoes, ƙungiyar jiha da ake wa kirari da Ikon Allah Boys. Gidanta Minna ne, filin Bako Kontagora, amma sunan filin kaɗai ya isa a ji tamkar ta gida ce.

Musun bai wuce salon wasa ba. Wasu na ƙorafin mai tsaron baya zai ɗaga ƙwallo sama, ɗan gefe ya bi ta da gudu har numfashinsa ya ƙare, ita kuwa ta fita waje. Idonsu ya saba da gasar Ingila a talabijin, suna son fasin a ƙasa, ƙafa zuwa ƙafa. Laifin sai su ɗora wa koci.

Ni dai ina ganin ana matsa masa da yawa. Fili mai kwazazzabai ba ya riƙe gajeren fasin, kuma 'yan wasan da suka wuni a mota kafin wasan waje da wuya su yi ta murza leda minti casa'in. Dogon bugu kan zama dabarar tsira.

Tsofaffin magoya baya kuma kan tuna 2000, shekarar da Tornadoes ta doke Rangers ta Enugu ta ɗauki kofin ƙalubale. Matasa sun fi tuna 2017, lokacin koci Abubakar Bala, da aka kai wasan ƙarshe na wannan kofi, Akwa United ta ci da bugun fenareti.